Ranar da Na Yi wa Bishop Shaida

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ta'aziyyar mahaifin Yohanna ba, kuma da ana iya goge rana daga rayuwar mutum, da ita zan fara.

Yohanna direba ne a ma'aikatarmu, ni kuma masinja. Mun yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya. Tsohonsa ya yi wata huɗu yana kwance a Hayin Banki, kullum ina cewa gobe zan je dubiya (daga Unguwar Kanawa fa, ko a ƙafa sai in je). Har ya rasu ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Na shiga falo cike da dangi, kunya na cina. A bango ga hoton wani dattijo mai farin gemu, da doguwar hula da sanda, an kunna kyandir a gabansa. Na ce a raina marigayin ke nan (tabarauna yana gida). Mu kuwa mun saba a zaman makoki a yi wa mamaci kyakkyawar shaida. Sai na gyara murya, na nuna hoton, na ce bawan Allahn nan na san shi farin sani. Na ce mutum ne mai fara'a, ko a kasuwar Kawo muka haɗu sai ya tsaya mun gaisa. Da na ji shiru, na ɗauka maganar ta ratsa su, na ƙara da cewa har goro ya taɓa ba ni.

Wata tsohuwa, ƙanwar marigayin, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce Allah sarki, kuka take.

Yohanna ya matso ya rage murya. "Malam, wannan waliyyin cocinmu ne. Bishop ne a wata ƙasa can nesa, ya fi shekara dubu da rasuwa. Baba ne ke girmama shi. Hoton Baba ga shi can bayanka."

Na juya. Wani siririn mutum, ko gemu babu.

Tsohuwar ta share hawaye ta ce, "Ɗana, goron fari ne ko ja?" Falon ya kaure da dariya, ana makoki.

Yohanna ya raka ni bakin titi. Bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi Baba ya tambaye shi sau biyu, yaushe abokin nan nasa da yake yawan ba shi labarinsa zai zo. Wannan ta fi dariyar zafi.

Don Allah kada ku yi irin tawa. In an ce wani na kwance, ku je yau. In kun makara, ku yi gaisuwa ku ja bakinku ku yi shiru.