Makullin Kwamfutar Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini aure, ba don daɗinta ba, sai don kunyar da na kwaso wa kaina a zauren surukina, a gaban dattawa. Kuma duk a sanadin Linux.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kontagora. Shekara da shekaru Windows nake amfani da ita kamar kowa, irin wadda ake sa maka a shagon gyara ba tare da ka tambayi inda aka samo ta ba. Kullum tana yi mini gori a gefen allo cewa ba ta halal ba ce, kullum filashin ɗalibai na kwaso mini bairos daga shagunan buga takardu. Ran nan na gaji, na goge ta, na sa Linux, wato manhajar nan ta kyauta da jama'a suka haɗu suka ƙera, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya ga yadda aka yi ta. Tsohuwar kwamfutata da take tashi kamar mai ciwon baya sai ga ta tana gudu.

Shi ke nan fa, na zama mai wa'azi. A ofishin malamai ko tsadar shinkafa ake hira, sai na san yadda na karkato da zancen ya dawo kan Linux. Mai shayin bakin tasha ma bai tsira ba (shi da ko wayar shafawa ba ya riƙewa). Abokaina suka koma in sun hango ni da jaka a kafaɗa sai kowa ya tuna yana da uzuri.

A lokacin ina neman Bilkisu, malamar asibiti, 'yar fari a wurin wani tsohon hedimasta da duk unguwa ke kira Baba Hedimasta. Gidansu tsohon gidan malamai ne, kuma har yau suna riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gada. Tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce “waccan”, in kuma wani ya ambace ta a gabansa sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Ni kuwa ɗan manoma ne daga Nasko, ba gidan malamai ba, ba gidan sarauta ba. Na daɗe ina zuwa gaisuwa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Bilkisu ta gaya mini abu biyu kawai yake dubawa a wurin mutum, natsuwa da kunya. Saboda haka in na shiga zaurensa ko tari ya taso mini haɗiye shi nake yi.

Wata rana na je gaisuwa na tarar yana fama da laftof ɗinsa, wadda yake rubuta tarihin gidansu a ciki da yatsa biyu. Ya kunna ta, ya je ya yi alwala, ya dawo, ba ta gama tashi ba. Mai hankali da ya yi addu'a ya yi shiru. Ni kuwa, karambanin akuya gai da kura, na ce, “Baba, da za ku ba ni dama, akwai maganin wannan.”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “To, Injiniya, ga ta nan.”

A yi mini adalci, aikin ya yi kyau. Na kwashe masa komai tukuna, hotunan Hajji, karatun tafsiri, da tarihin nan nasa, ko ɗigo bai ɓata ba. Ina aiki ina yi masa bayani cikin ladabi cewa wannan manhajar ba ta da rufa-rufa, mai kwamfuta shi ne mai iko da abarsa. Ya gyaɗa kai ya ce abin da babu ɓoye-ɓoye a cikinsa shi ne abin kirki. Da aka zo inda take neman a sa mata fasawod, na ɗaga kai na ga ya koma kan littafinsa, na ji nauyin katse shi. Yatsuna suka buga wanda suka saba bugawa a ko'ina, ba tare da sun yi shawara da ƙwaƙwalwata ba. Na saita ta yadda za ta riƙa buɗewa kai tsaye ba tambaya, na mayar masa da kayansa, na manta da zancen.

Ba a daɗe ba ya aiko cewa in turo magabatana. Ni a raina Linux ce ta yi aikin (Bilkisu ta ce mahaifiyarta ce, amma ban saurare ta ba).

Ranar kuwa, Kawuna ya zo daga Nasko da wasu dattawa biyu, da goro da alawa. Kowa ya san mai neman aure ba ya zama a wurin, don haka na kai su ƙofar gida na koma shagon wani abokina tela a bakin titi na zauna ina addu'a. Shi ma Baba Hedimasta ba shi zai karɓi maganar ba, ƙaninsa ne waliyyi, Baffa na Tungan Magajiya. To, motar Baffa ta lalace a hanyar Rijau. Ga baƙi a zaure, ba a barin su su kaɗai, ga shi kuma ba zai iya taɓa zancen da ya kawo su ba. An gaisa, an yi batun damina, an yi batun taki, an sake gaisawa, hira ta ƙare. Sai ya ɗauko laftof don ya nuna musu hotunan Makka.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yana buɗewa ta nuna masa akwai sabbin gyare-gyare da za ta sauke, shi kuwa mutum ne da ba ya barin aiki a rataye, ya danna. Ta ce sai an ba ta fasawod.

Wayata ta yi ƙara, na ga Kawu ne. Ya ce, “Kai, zo maza, ana nemanka a ciki.”

Na ce shi ke nan, an fasa. Na shiga da sallama, na durƙusa a bakin ƙofa kaina a ƙasa. Baba Hedimasta ya juyo da allon ya ce, “Injiniya, abar nan taka makulli take nema.”

Da farko har ajiyar zuciya na yi. Sai kuma na tuna abin da yatsuna suka buga.

Na ce, “Baba, ku kawo in buga muku.”

Ya ce, “A'a. Ai kai ka ce mai kwamfuta shi ne mai iko da abarsa. Wane irin mai gida ne ba ya riƙe da makullin ɗakinsa? Faɗi, in buga da kaina.”

Dattawan suka ce wannan gaskiya ne. Kawu har da ƙarawa, wai shi ya sa yake son zama da masu ilimi.

Na yi dabara, na ce bari in riƙa faɗa harafi bayan harafi, wataƙila ba wanda zai haɗa. Na manta da wa nake magana. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara haɗa baƙi. Ina faɗa yana maimaitawa da ƙarfi kamar a aji, yana neman harafin da yatsa. Muka wuce na farko, na biyu, na uku. Da muka kai tsakiyar sunan sai na ji ya daina maimaitawa. Bai ɗago ba, bugawa kawai yake yi. Na ƙarasa da murya kamar ta sauro.

Ita kuwa Linux ba ta nuna abin da ka buga, ɗige-ɗige kawai take jerawa, don kada na gefe ya gani. Wannan yana cikin abubuwan da nake yabonta da su a wa'azina. Ranar nan shi ya kashe ni, don tsoho ya kuskure wani harafi bai sani ba, ta ce ba daidai ba ne.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Yaro, daina wahalar da Malam. Faɗe shi a dunƙule mana.”

Na dubi Kawu ko zai cece ni, na ga shi ma jira yake. Na dubi ƙofa. Na ce, “Bilkisu rabin raina.”

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma ɗaya dattijon kunnensa ya yi nauyi, ya karkato ya ce, “Me ya ce?” Kawu kuwa, da muryarsa ta kiran mutum daga wata gona zuwa wata, ya maimaita masa tsaf, har na jiyo dariyar mata ta ɓarke daga cikin gida.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. A gidan da uba bai taɓa furta sunan nan ba, ni na zo na furta shi a gabansa, har da ƙarin rabin rai, a ranar da ake auna kunyata. Na riga na sallama. A raina har na fara tunanin neman canjin aiki zuwa Minna.

Baba Hedimasta ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya turo mini laftof ɗin a kan tabarma ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Buga.” Na buga, ta karɓa, ta kama aikinta kamar ba ita ta haɗa fitinar ba. Daidai nan aka yi sallama, Baffa ya iso da man inji a hannun rigarsa. Baba Hedimasta ya tashi ya shige gida, ni kuma na fice ban san ma ta ina na bi ba.

Da la'asar Kawu ya same ni a shagon tela, yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce an ba mu. Wai da Baffa ya shiga ya tambayi yayansa ko akwai abin da zai ce, cewa ya yi, “Yaron ba shi da wayo, amma ba shi da ɓoye-ɓoye. A ba su.”

Washegari na je da sassafe, na durƙusa, na ba da haƙuri, na ce a ba ni dama in canza fasawod ɗin zuwa duk abin da suke so.

Ya ce, “Bar shi yadda yake.”

Na ce, “To Baba, ai ku ba za ku iya bugawa ba.”

Ya ce, “Ni na ce zan buga? Duk ranar da ta nema, kai za a kira.”

Wanda ya san Linux ya san ba ta gajiya da sabbin gyare-gyare. Yau muna da 'ya'ya, amma da wuya mako ya wuce ban ji waya ba: “Injiniya, abar nan taka tana neman makulli.” In hau babur in ratsa gari, in durƙusa a zaure, in buga sunan matata da rabin raina, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango. Daga nan a kawo fura, mu yi hira har azahar. Na daɗe ina ɗauka horo ne yake yi mini. Sai daga baya na gane tsohon yana son sunan nan ya zauna a cikin kwamfutarsa, ko da bakinsa ba zai faɗa ba, kuma abin yana taɓa mini zuciya.

Har yanzu ina sa wa mutane Linux, ban tuba ba. Sai dai yanzu in an zo wurin fasawod, nakan miƙa wa mai abu abinsa, in tashi in fita waje, in tsaya har sai an kira ni. Suruki ɗaya nake da shi, kuma aikinsa ya ishe ni.