Amarya Mai Furfura

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rakiya, ɗiyar yayata, a Bengou ba.

Ni dai ciwon ɓarin kai ya daɗe da mai da ni gidansa. Na sha ƙwayoyin farmasin Gaya, na sha na Kamba, na sha rubutu, har hayaƙi an yi mini. Daga ƙarshe wani lokotoro, wato likita, a Dosso ya gaya mini gaskiya: in an gwada magunguna iri-iri, kowane an sha shi yadda ya kamata, ciwon kuma bai ja da baya ba, to shi ne ake kira wanda ba ya jin magani. Sai dai lallaɓawa.

Ban gaya wa kowa ba, har yayata. A danginmu mai ciwon da ido ba ya gani raguwa ce, ni kuwa malamar lakkol, wato makarantar boko, ba na son a ga gazawata (girman kai dai, in za a faɗi gaskiya). In ya taso a taro, sai in sulale kawai.

Ranar buɗar kai muna gidan ango da hantsi, ga kalangu, ga rana, ga ƙaurin mai. Sai na fara ganin walƙiya a ido ɗaya. Na faɗa ɗakin da ya fi duhu. Ashe na amarya ne, ƙawayenta sun fita da ita wanka. Na ɗaure goshi da jiƙaƙƙen ƙyalle, na jawo mayafin da ke bisa gado na lulluɓa.

Sai guɗa. Dangin ango sun shigo. Ina jin su sarai, amma ɗaga kai ya gagare ni, balle magana.

"Wannan ɗiya akwai kunya," in ji gwaggon ango. Ta yi mini doguwar addu'ar samun zuri'a, sannan ta yaye mayafin.

Ga furfura, ga ido jajir yana hawaye. Guɗar ta tsinke a tsakiya, sai mata suka fashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Yayata ta ja ni bayan rumbu. Na gaya mata komai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki haifi Rakiya, Yaya."

Sai ta ce, "Ni kuwa duk bikin da kika ɓace, cewa nake ƙyamarmu kike, tunda kin yi lakkol."

Wannan ta fi dariyar mata yi mini zafi.

Har yau ciwon yana nan, a Bengou kuma Amarya suke kirana. Amma yanzu in ya zo, da bakina nake faɗa. Na gane in ka ɓoye ciwonka, mutane za su raɗa masa suna da kansu.