Birgil ɗaya ta kori Patoro daga bironsa

Ko mantuwa ta ci kaina, ba zan taɓa mantawa ba da satin da na kori mai gidanmu, wanda muke ce wa Patoro, daga bironsa, wato ofishinsa, saboda ƙaryar ilimi.

A wani ƙaramin kamfani nake aiki nan Yamai. Mun karɓi aikin shirya wasu ƙananan na'urori da za a kai likitocin ƙauye don rubuta sunayen marasa lafiya. Nawa aikin shi ne haɗa imaj, wato dunƙulen duk abin da na'urar ke buƙata kafin ta tashi. Ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori ba irin ta babbar ordinatarmu, kwamfutar gidan, ba ce, don haka sai mu sa babbar ta yi kwaikwayon ƙaramar, ta haɗa imaj ɗin a haka. Abin yana cin awa biyu cur, kana zaune kana kallon rubutu yana gudu.

Sai tsiya ta fara. Yau ya haɗu lafiya lau, gobe ya kai kusan ƙarshe ya mutu. Ban taɓa komai ba, wallahi ko harafi. In sake tayar da shi, ya wuce. In sake, ya faɗi. Kai! Na zagi kwaikwayon, na zagi masu kuran da ke ba mu wutar lantarki, na canza waya, na hura ƙura. Har na fara yi wa ordinatar magana da baki (kada ku tambaye ni abin da na ce mata).

Ga shi ran Alhamis masu aikin za su zo su gani da idonsu. In bai haɗu ba, ni na san wanda za a nuna wa ƙofa.

Sai na lura da wani abu: da safe yana wucewa, da rana yana faɗuwa. Watan Afrilu ne kuwa, zafin da ke sa kwalta laushi. Na miƙe a taron ma'aikata, na gyara murya.

"Patoro, zafi ne. Kwaikwayo yana wahalar da inji. In ba a kai shi ɗaki mai kilim ba, ba ruwana."

Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya ce a gidan, a bironsa take. Bawan Allah, dattijo da furfurarsa, ya kwashi takardunsa ya koma baranda da fanka. Aka kai babbar ordinatar biron, kwana huɗu ina zaune kan kujerarsa, sanyi na ratsa ni, ina buga umarni a jikin ordinatar. Kwana huɗu bai faɗi ba ko sau ɗaya. Na riƙa tafiya a gidan nan kafaɗa a sama. Har Tanti Hawa, wadda ta girme ni a aikin da shekaru, na yi wa bayanin zafi da sanyi. Ta dube ni ta saman gilashinta, ta ce "To, madalla."

Alhamis ta zo. Baƙi uku suka shigo, Patoro ya karɓi kujerarsa. Ni na koma gefe da tawa ordinatar ta hannu a cinya, na shiga babbar daga nesa, na tayar da aikin. Aka sha shayi, aka yi hira. Kilim na ta aiki har haƙorana na haɗuwa.

Ya faɗi. A gaban kowa, cikin sanyin nan.

Gumi ya karyo mini. Na ce, "Ƙila kilim ɗin ce ta yi rauni." Patoro ya dai dube ni.

Tanti Hawa ta matso ta karanta jan rubutun da ke fitowa in aikin ya faɗi, wanda ni ban taɓa karantawa har ƙarshe ba.

"Ƙanena, daga ina ka tayar da shi?"

"Daga nan."

"Taka Faransanci take ji, ko?"

Sai ta sa yatsa. Wurin da ake auna girman imaj, lambar ta fito 1,5 da birgil, waƙafin nan da aka koya mana tun lakwal. Shi kuwa aikin ɗigo yake jira, 1.5. Duk lokacin da na shiga daga tawa, Faransancinta yana bina ciki, birgil ta kashe aikin. In na buga a jikin babbar, lafiya.

"To me ya kawo rana a ciki?" in ji Patoro.

Nan ne na so ƙasa ta buɗe. Tanti ta bar ni in amsa da bakina.

"Da safe nakan taka in je wurin injin," na ce. "In rana ta take... nakan ji ƙyuyar tashi, sai in shiga daga tawa."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙware da shayi. Patoro ya shafa bayan wuyansa, inda ƙurajen zafi suka feso masa.

"Ashe kai ne ba ka son zafi," ya ce.

Tanti ta ƙara layi ɗaya a umarnin don hana Faransancin shiga, aka sake tayarwa, ya wuce. Ba a kore ni ba, amma aka ɗora ni ƙarƙashinta, kuma ban yi gardama ba.

Abin da na koya shi ne, kafin in ɗora wa rana laifi, in fara karanta jan rubutu har ƙarshe. Rana ba ta san Faransanci ba.