Rasuwar Usaina, Sandar Tuƙin Mushe Gazali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama wanda ya rasa inda zai sa kansa, Mushe Gazali, wato Malam Gazali a bakin 'yan boko, malamin tarihi a kwalejin Tasawa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gida, da na Mayahi da Tchaké da Gidan Amumune, da wanda ke Agadas in har yana karanta abin da ake sawa a zauren waya na dangi, rasuwar sandar tuƙinsa, Usaina. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, a kan teburin ɗakinsa, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinya.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, kuma suna da yawa don ba mai yawo ba ce, Usaina baƙar sanda ce ta roba, tsawonta bai wuce taƙi ba, tana tsaye kan gindi mai faɗi, da doguwar waya da ake soka wa ordinater, wato kwamfuta. Da ita ake tuƙa jirgin sama na cikin wasa. A ja ta baya jirgi ya ɗaga, a tura ta ya yi ƙasa, a murɗa ta ya juya hanci, a danna kunamarta ya yi aman wuta. Ba a san ƙasar da aka haife ta ba, rubutun gindinta ya goge tun kafin ta iso. Cikin kayan gwanjo ta shigo Nijar, ita da 'yar'uwarta a kwali ɗaya. Hafiz, wan Gazali uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya tsince su a Yamai. Wadda ya fara cirowa ya sa mata Hassana ya riƙe, ta biyun ya miƙa wa ƙanensa, suna kuma bai buƙaci shawara ba.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana hidimar jirgi ɗaya, Messerschmitt 109, tsohon jirgin yaƙin Jamus na zamanin yaƙin duniya na biyu. Mushe Gazali ya san ko su wane ne suka ƙera shi da abin da suka aikata, shi ke koya wa yara hakan a aji, kuma ba ya yi musu fatan alheri. Ƙarfen kawai yake so, sai ya rasa wanda zai so sai mai mugun hali. Jirgi ne mai matsattsun ƙafafu kamar akuyar da aka yi wa dabaibayi. In zai tashi sai ya fizge hagu, in zai sauka sai ya nemi kwanciya kan fiffike, in an matsa masa a sama injinsa ya ɗau zafi ya kama tari. Duk wannan a wuyan Usaina ya ƙare. An murɗe ta, an finciko ta, an jiƙa ta da gumin bazara, an zage ta kan laifin da na mai riƙe da ita ne, ba ta taɓa ramawa ba. Iyakar maganarta "ƙiiii" in an kai ta bango, sai "ƙyas, ƙyas" in abokin gaba ya shigo ido. Maƙwabta sun shaide ta, ba ta taɓa hana kowa barcin rana ba. Mai ita ne ke ihu.

Amma babban halin da za a tuna ta da shi riƙon zumunci ne, kuma a nan dole a faɗi abin da dangi suka sani suke yi kamar ba su sani ba. Gazali da Hafiz ba sa magana. Tun shekarar da aka sare gawon da ke tsakiyar gonar mahaifinsu a Tchaké, wanda tsohon ke shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashi kafin Allah ya yi masa rasuwa, kowannensu ya rantse ɗan'uwansa ne ya ba mai gatari izini. Aka yi cacar baki a gaban mahaifiyarsu, aka tashi baram-baram, Hafiz ya koma shagonsa na Agadas. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Hafiz na jiran ƙane ya kira wa, yadda aka tarar ana yi. Gazali na jiran wanda ya ɗora masa laifi ya fara. Kawunnai sun yi zarya har sun gaji, suka tattara su suka bar wa Allah.

Abu ɗaya ne faɗan ya manta bai kashe ba. Duk Juma'a bayan la'asar Gazali zai kunna ordinater, ya jona ta da wayarsa, ya shiga filin wasan da suka saba haɗuwa ta intanet, sai ya tarar da Focke-Wulf ɗin Hafiz, mai faɗin ƙirji kamar mai shi, a bakin titin tashi inji na kaɗawa. Ba sallama, ba rubutu, makirufo a kashe. Wan ya tashi, ƙanen ya bi ya tsaya a bayansa ta dama, inda aikinsa tsaron ƙeyar na gaba. Haka za su yi ta shawagi bisa wani teku tsakanin Faransa da Ingila da ba wanda ya taɓa gani a cikinsu, suna artabu da baƙin da ba su san akwai wani gari Tchaké ba, har a kira magariba. Gazali ya kakkaɓe jirage ba iyaka daga bayan mutumin da ba ya gaisarwa. Zalika, matarsa, ta taɓa leƙowa da tire a hannu ta ce, "Ku dai Allah shi shirye ku. Kuna kashe ma juna maƙiya, kun kasa ce ma juna ina wuni." Shi dai ya ce ta matsa tana tare masa haske. Ita ma ta san, kamar yadda ya sani, cewa in aka cire wannan yinin babu sauran abin da ya haɗa 'ya'yan tsohon nan biyu.

Ciwon ajali ya fara mata da bazarar bara. Sai ta soma karkata hagu ba a taɓa ta ba, jirgi ya riƙa kewaya sama kamar mai neman abin da ya yar. Aka kai ta wurin Na Allah mai gyaran waya a bakin tasha. Na Allah ya buɗe cikinta, ya zazzage rairayin da zai isa a shuka gyaɗa, ya wanke ta da isans, wato fetur, yadda yake wanke duk abin da aka kawo masa, ya hura mata iska da baki, ya ce, "Mushe, wagga ba ta mutuwa yanzu, sai ta ga jikokinka." Ta dawo gida tana warin gareji, ta ɗan murmure, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Daga nan aka wuce da ita wurin Wada, bakaniken 'yan kabu-kabu, wanda ya ce rasor ɗinta ne ya gaji, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da ita tsakiya. Ya cire shi ya sa mata na birkin babur. Ta miƙe kam, amma ta yi taurin da sai an dafe gindinta da hannun hagu kafin a lanƙwasa ta, robar cikinta kuma ta fara tsagewa a hankali. Gazali ya naɗe ta da robar tsohuwar tayar keke, Zalika ta ba da man kaɗanya. Masu ba da shawara sun ce a sayi wata, kamar gyaɗa ce. An zaga Tasawa, an aika Maraɗi, duk shagon da aka tambaya sai a miƙo manet, ɗan abin dannawa na wasan ƙwallon talabijin.

Ranar da za ta cika ba ta nuna alama ba. An tashi lafiya, an kai tsakiyar teku, sai ga wani Spitfire, jirgin abokan gaba, ya faɗo daga cikin rana ya manne wa Hafiz a ƙeya. Irin wannan aikin Gazali ya yi shi har ba ya tunani. Ya kwantar da ita dama da duk ƙarfinsa don ya shiga tsakani, ta ce "ƙiiii", sannan ta ce "ƙas". Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ta langaɓe a hannunsa kamar wuyan kazar da aka yanka, ta faɗi hagu, jirgin ya bi ta. Ya ɗago ta, ta koma. Ya girgiza ta, ya kira sunanta, ya dira kan maɓallan ordinater yana danna duk wanda yatsa ya samu, jirgin dai ya ba da baya ya miƙe abinsa. Ta madubin gefe yana kallon Focke-Wulf na mutsu-mutsu shi kaɗai, yana juyawa dama inda ya saba samun ƙanensa, har hayaƙi ya tashi, har ya shige ruwa.

Mai makoki na roƙon a karanta wannan wurin a hankali, in da hali a maimaita. Daga Agadas abin da aka gani shi ne ƙane ya ga wansa cikin wuta ya juya ya tafi. Ba haka aka yi ba. Gazali bai juya ba, gawa ce a hannunsa. Yana da shaidu: Zalika da ta shigo a guje ɗankwali a hannu don ta zaci kuran, wato lantarki, ne ya kama shi, da maƙwabcin da ya leƙo ta katanga yana tambayar wa ya rasu.

Marigayiya ta rasu ta bar ordinater ɗaya mai fama da tari da zafin jiki, da linzamin ordinater ɗin, da maɓallan da aka ji musu ciwo ranar rasuwar. Ta bar Messerschmitt a fake cikin rumfarsa, maraya, don an gwada tayar da shi da maɓalli ya yi ta kewaya fili yana karya ƙafa kamar ɗan koyo. Ta bar tabo a kan teburi daidai faɗin gindinta. Ta kuma bar 'yar'uwarta ta haihuwa, Hassana, a Agadas, wadda har yanzu ba a san ko an sanar da ita ba.

Shi kuwa mai ita, a taya shi da addu'a. Tun ranar bai zauna wuri ɗaya ba. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya tsaya a zaure, ya koma. A aji ya fara darasi kan daular Katsina ya tsinci kansa yana murɗa alli har ya karye. A kan babur ya wuce ƙofar gidansa, sai da ya kai hanyar Zinder ya farga. An ba shi ludayi ya sha fura, aka ga yana ja baya yana kwantar da shi dama. Waya kuwa ta shiga uku. Ya ciro ta, ya nemo sunan Yaya Hafiz, ya zuba masa ido, ya mayar aljihu, kafin ya kai bakin ƙofa ya sake cirowa. Tsoro yake ji, kuma ba ya ɓoyewa: Juma'a na tafe, wansa zai zo bakin titin tashi ya jira, ya ga ba kowa, ya ce to, abin da na gani gaskiya ne. Ko kuma, wanda ya fi hana shi cin tuwo, ya ƙi zuwa ma gaba ɗaya. Zalika ta gaji da sintirinsa ta ce, "Tunda mutuwa anka yi, ka hidda sanarwa mana kamar kowa. Wa ka ji ya rasa nashi ya bi mutane yana kira ɗaya-ɗaya? Shi a ka kira." Karon farko a makon ya zauna, ya nemi abin rubutu.

Don haka ga yadda aka tsara. An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa roba salla, kuma Mushe ya ji tsoron Allah, saboda haka ba za a wahalar da jama'a ba. An riga an goge marigayiya, an naɗe ta da sabon ƙyalle fari, an sa ta a kwalin sukari. Za a kai ta makwancinta a saman kabad ranar Alhamis da hantsi. Na Allah da Wada za su ɗauki gawa, tunda su suka yi jinya, kuma an roƙe su kada su zo da sukurdireba. Za a raba wa yara ƙosai sadaka.

Ana zaman makoki a ƙofar gidan Mushe Gazali daga yau har zuwa la'asar ɗin Juma'a. Akwai tabarma, akwai shayi. Na nesa ba sai sun sha hanya ba, ana karɓar gaisuwa ta waya, lambar ita ce dai ta da, ba a canza ba. Ana tunatar da dangi cewa gaisuwar mutuwa ba ta da babba ba ta da yaro, wanda aka yi wa rashi shi ake nema, kuma duk wanda ya kira ba za a ce ya sauko ba, al'ada ya cika. Ba za a tambaye shi komai ba, ba za a tayar da wata tsohuwar magana ba. Ya ce "ya haƙuri" kawai, an tanadi amsa. In ma bakin ya yi nauyi, ya yi bip ɗaya ya kashe. Gazali zai kira.