Ranar da Aka Zo Duba Ɗan Farin Injiniya Shitu

Duk ɗan Arewan da ya taɓa shan sanyin Winnipeg a ƙasar Kanada ya san Injiniya Shitu, mutumin Malumfashi. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Allah ya hore masa baki, kuma ba ya rowarsa. Motarsa ta fi ta kowa jure sanyi, injin da yake kwashe ƙanƙarar ƙofar gidansa ko gwamnati ba ta da irinsa, yajin da ake aiko masa daga gida kuwa in ka ji yana ba da labarinsa sai ka ɗauka da zinariya aka daka shi. In aka taru suna ko walima, shi ne alƙalin 'ya'yan mutane. Ya dubi wannan ya ce likita ne, ya dubi wancan ya ce a fara nema masa shago tun yanzu. Abu ɗaya tak Injiniya bai taɓa yabo ba a duniya, shi ne ɗansa na fari, Nafi'u.

Yabo ma na ce? Ko sunan yaron ba ya kamawa. Mutumin nan ya baro gida da komai nasa, ya saki hula ya kama ta ulu, ya saki fura ya kama kofi, amma kunyar ɗan fari ya ƙunso ta a akwati ya tsallako teku da ita. Shekara goma sha shida sunan Nafi'u a bakinsa "wancan". Matarsa Rakiya ma Baban Ummi take kiransa, da sunan ƙanwar yaron, kamar shi Nafi'un tsintarsa aka yi a tasha. A kan kunyar kuma sai aka ɗora tsoron baki. Wai lokacin yaron yana shekara tara wata baƙuwa ta ce a wurin walima, kai yaron nan akwai gudu, washegari ya gurɗe a ƙafa. Tun daga ranar in ka yabi Nafi'u a gaban ubansa, sai ya dube ka kamar ka zuba masa ƙasa a tuwo.

Shi kuwa yaron, sai Allah ya sa ya kamu da wasan da mutanen ƙasar suka ɗauka kamar addini, wato hoki na kan ƙanƙara. Ga wanda bai taɓa gani ba: fili ne na daskararren ruwa, a sa takalmi mai wuƙa a ƙasa, a riƙe sanda mai lanƙwasa, a yi ta korar wani ɗan baƙin faifan roba har a jefa shi raga. Ni da na gwada sau ɗaya, a zaune na gama wasan. Amma Nafi'u in ya hau, sai ka ce a kai aka yanke masa cibiya. Turawa kan tashi tsaye suna kiran sunansa a karkace, kowa a garin ya san ɗan baƙar fatar nan mai lamba goma sha huɗu. Kowa fa, ban da ubansa, wanda in an tambaye shi sai ya ce ya ji dai ana cewa wancan yana zuwa wani wurin zamiya.

Ƙarya yake yi, kuma ni na kama shi. Wata Asabar na je kallon wasa, na hango wani mutum can saman benci bayan ginshiƙi, ya ja hula har gira, ya naɗe baki da mayafi, yana ta rubutu a wani ɗan littafi. Da Nafi'u ya ci, mutumin nan ya daka tsalle ya manta da bencin gabansa, ya buge ƙauri. Daga irin salatin da ya yi na gane Injiniya ne. Da na same shi sai ya ce ai injin sanyaya filin ya zo dubawa, a matsayinsa na injiniya.

To ana nan sai wata makarantar horon 'yan wasa, irin wadda daga cikinta ake ɗibar yara zuwa manyan ƙungiyoyi, ta turo mai duba mata 'yan wasa. Wani dogon Bature ne mai furfura, Mista Dawson, wanda hancinsa ya karye ya fi sau uku a wasan nan. Ya kalli Nafi'u wasa biyar. Gurbi ɗaya ya rage, yara biyu ke nemansa, kuma a kan ƙanƙara kusan kunnen doki suke. Don haka ya ce zai zo gida ya ga iyaye, domin su a wurinsu halin yaro da abin da gida ke faɗa a kansa shi ke raba gardama. In Nafi'u ya rasa wannan gurbin, shekarunsa sun wuce na shiga, sai dai ya ci gaba da wasan unguwa har ya gaji.

Injiniya ya kira ni a waya ya ce in zo a matsayin kawun yaro. Ya ce shi bakinsa ba zai iya ba, in ta kama a yi yabo ni zan yi, amma in yi shi sama-sama, kada in zuba gishiri da yawa.

Ranar Lahadi da la'asar Bature ya zo. Nafi'u ya shigo ya durƙusa ya gaishe mu, ya koma gefen kujera ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye. Rakiya ta kawo shayi da cincin ta koma kicin, ta bar ƙofa a buɗe.

Mista Dawson ya buɗe takardunsa ya fara bayani tiryan-tiryan. Ya ce yaron yana da gudu, taku uku ya isa inda wasu sai sun yi biyar. Ya ce abin da ya fi burge shi ido ne, Nafi'u yana ganin inda abokin wasansa zai kasance tun kafin shi abokin ya san zai je can. Ya ce amma jikinsa bai cika ba tukuna, manya za su riƙa manna shi da bango, juyinsa na hagu yana da nauyi, kuma ya cika ba wasu su ci alhali raga na gabansa. In sun ɗauke shi, shekarar farko ta gina jiki ce da gyaran juyi, ta biyu a sa shi cikin manyansa, daga nan in ya riƙe wuta sai ƙungiyoyin matasa su fara zawarcinsa. Duk lokacin da Baturen ya ambaci wani abin kirki, Injiniya sai ya motsa baki yana tofa addu'a a ɓoye. Da ya zo kan juyin hagu kuwa sai na ga ya gyaɗa kai da ƙarfi, kamar an biya masa karatun da ya sani.

Sai Bature ya juyo ya ce yanzu yana so ya ji daga bakin uba. Me yake gani shi ne ƙarfin ɗansa?

Injiniya ya gyara zama, ya yi kyakkyawan Turancinsa na ofis, ya ce, "Wancan? Ƙarfinsa ɗaya na sani, ci. In ya zauna gaban kwano ba ya juyin hagu ba ya juyin dama."

Bature ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Ya tambaya ko yaron yana tashi da kansa zuwa horon asuba. Injiniya ya ce sai an yi kamar za a fasa ƙofa. Yana jin magana? Ta kunnen dama take shiga ta fita ta hagu. Yana da haƙuri in an sha kashi? Ya ce bai sani ba, shi bai taɓa zuwa kallo ba, yana da abin yi. Dariyar Bature ta fara raguwa, biro ya fara aiki. Na ga abin zai lalace, na buɗe baki na ce ai Nafi'u yaro ne da duk unguwa ake misali da shi. Ban kai aya ba Injiniya ya taka min ɗan yatsan ƙafa ta ƙarƙashin tebur, takun da har yau in sanyi ya yi yawa ina tunawa da shi.

Bature ya ce a rubuta masa cikakken sunan yaro yadda yake a takardar haihuwa. Injiniya ya ce a tambayi uwarsa.

Na dubi Nafi'u. Turanci ya fi mu ji, duk abin da ake faɗa yana shiga. Bai ɗago ba, yana dai murza bakin kafet da yatsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushin ubansa kuma ya fi tausayin yawa. Ga mutum ya tashi tsaye yana rushe ginin ɗansa da hannunsa, fuskarsa kuma cike da gamsuwa irin ta wanda ya kori ɓarawo.

Mista Dawson ya rufe takardunsa. Ya ce ya gode da gaskiyar da aka faɗa masa, ba kowane uba ke iya wannan ba. Ya ce shi wasa biyar kawai ya gani, uba kuwa shekara goma sha shida yake gani, don haka dole ya ɗauki maganar uba da nauyi. Makarantarsu ba ta da wurin yaron da sai an fasa ƙofa yake tashi. Ya miƙe yana neman rigar sanyinsa. A nan ne na ga gamsuwar fuskar Injiniya ta fara zagwanyewa, don sai a lokacin ya gane ashe Bature ba ya jin yaren kunya, abin da ka faɗa masa shi yake rubutawa. Ya dube ni, ni kuwa na dubi ɗan yatsana.

Sai ga Rakiya ta fito daga kicin, tana goge hannu da gefen mayafi. Mace ce mai sanyin magana, ita ma ban taɓa jin ta kama sunan yaron ba. Ta ajiye wasu ƙananan littattafai guda huɗu a kan tebur, an ɗaure su da roba. Na gane na saman nan take, shi ne na bayan ginshiƙi. Ta ce a ƙarƙashin kujerar mota suke kwana, ta daɗe da sanin wurin. Ta dube ni ta ce, "Malam Hadi, da Hausa aka rubuta. Ka fassara wa baƙo, kada ka tsallake komai."

Jama'a, ban taɓa yin aikin da ya yi min daɗi kamar wannan ba. Na gyara murya na fara, ina karantawa da Hausa don mai littafi ya ji, ina juyawa da Turanci don baƙo. Kowane wasa na shekara huɗu yana ciki, da rana da wata. Yau Nafi'u ya ci biyu ya ba da ɗaya. Yau Nafi'u ya riga ni tashi, na same shi a mota yana jira, sanyi kamar zai tsaga gilashi. Yau an cinye su biyar da nema, shi ne ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana ba su baki. Juyinsa na hagu yana da nauyi, in sami hanyar da kocinsa zai sani ba tare da an ce ni na faɗa ba. Wannan kuwa tun shekara biyu da suka wuce aka rubuta shi. Bature ya ajiye rigar sanyi ya koma ya zauna.

Injiniya ya ce a bari haka nan, shayi yana hucewa. Na ce ai saura shafi ɗaya. Na karanta: yau wani Bature a kusa da ni ya tambaya ɗan wane ne mai lamba goma sha huɗu, na ce ban sani ba, na fita waje na yi kuka don daɗi. Duk filin babu kamar Nafi'una.

Nafi'u ya ɗago kai karo na farko, ya dubi ubansa. Uban kuwa ya tsura wa silin ido kamar yana neman inda yake yoyo.

Mista Dawson ya jera littattafan, ya buɗe nasa takardun, ya ja dogon layi a kan duk abin da ya rubuta ɗazu. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa samun rahoto mai kyau kamar wannan ba, kuma bai taɓa ganin wanda ya rubuta rahoto ya zauna yana ƙaryata kansa ba. Ya ce sunan Nafi'u zai miƙa. Ya nemi a ba shi aron littattafan, Rakiya ta ce ya ɗauka har da robar.

Muka raka shi mota muka dawo. Ƙofa na rufuwa Injiniya ya sami bakinsa da ya ɓata. Ya ce an tona masa asiri a gaban baƙo, an sa ya kama sunan ɗan fari a gaban ɗan farin, in labarin nan ya kai Malumfashi da wane ido zai dubi mutane. Ya ce ni kuma zai gamu da ni. Rakiya tana ta tattara kofuna. Da ya ga ba ta kula shi, sai ya ɗaga murya.

"Ke ba ki san abin da kika yi ba. Shekara nawa ina tsare yaron nan daga bakin mutane, yau kin kwashe komai kin shanya a rana. In baki ya kama shi fa?"

Ta ɗora kofi na ƙarshe a kan tire, ta ɗauka, ta dube shi.

"Baban Ummi, duk ƙasar nan baki ɗaya na taɓa gani ya kama yaron nan, kuma ni nake tuƙa masa tuwo."