Ido Ɗaya a Littafi, Ɗaya a Tele

Akwai wata la'asar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Lokacin idon Kawu ya yi yana, shi da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai karatu ya gagare shi. Ni ya zaɓa in riƙa karanta masa wani tsohon littafin tarihin Damagaram kullum bayan salla.

Matsalar ita ce, daidai lokacin ake sa wani fim mai dogon zango da duk matan Birni ke bi. Sai na ƙirƙiro dabara (a lokacin har yaba wa kaina nake): in kunna tele, in kashe sautin, in zauna inda ido ɗaya ke littafi, ɗaya na can. Ai Kawu ba ya gani.

Ranar nan abokinsa Mushe Ilya (Mushe ake ce wa malamin lakwal) ya zo daga Mirriya. Kawu ya hau yabona: "Wannan ɗiyar tawa ba ruwanta da tele, littafi ne abincinta. Karanta mana, Mushe ya ji." Mushe Ilya ya dubi telen da ke motsi shiru, ya dube ni.

Na fara tiryan-tiryan. A littafi, ayarin fatake ya iso ƙofar gari, raƙuma sun durƙusa. Can kuma a tele, ɓarawon da ake nema tun bara ya cire rawaninsa. Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba: "Sai madugu ya ce... Innalillahi, ashe mijinta ne!"



"Mijin wa?" in ji Kawu. "Na raƙumar?"

Mushe Ilya ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ko ɗaga kai na kasa.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Na daɗe da sani, ɗiyata. Kullum sai kin tsallake layi, muryarki ta yi nisa. Ƙaro sautin mu ji abin da mijin ya yi. In an gama ki dawo mini gaba ɗayanki. Ba labarin kaɗai nake zaman ji ba."

Tun ranar na raba wa littafi da tele lokaci, kowa da nasa. Na kuma koyi cewa wanda idonsa ya tafi, kunnensa ba ya hutu.