Ranar da Na Juya Ayari Yamma

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na tsaya gaban mutanen garinmu kaf, da makirfo a hannu, na sanar da su cewa Makka tana yamma ba. Ba da waɗannan kalmomi na faɗa ba, amma in aka haɗa abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani, can maganar ta nufa.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a Jazira, kudu da Hasahisa, kogi yana gabas da mu. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji. Guzuri ya ƙare musu a nan, suka tsaya tsinkar auduga "na shekara guda", ga mu har yau. Shi ya sa duk shekara, bayan an kai dawa rumbu, mukan yi bikin da muke kira Ranar Ayari. A ranar ba mai sa jallabiya. Kowa zai tono tsohuwar taguwa ko zanen saƙi daga ƙasan akwati. Mata su jingine kisra, wato wainar dawa ta mutanen ƙasar nan, su tuƙa tuwo da miyar kuka, a dama fura a ƙwarya, samari su yi kokawa. Da la'asar sai a ɗaura wa jakuna mangala, a jera ayari daga bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan gonaki da ke yammacin gari, a ratsa lunguna har bakin kogi. A can ake tsayawa a yi wa waɗanda suka rasu a hanya addu'a.

Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, ita ke gaban ayari. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka bi hanyar da gaske, domin tana 'yar ƙarama aka zo da ita cikin mangala. Tana bisa jaki tana kiran sunayen zango bi da bi: Kano, Maiduguri, Abashe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Kosti. A shekarar da nake magana idonta ya kusa tafiya, kuma ta riga ta gaya wa kowa cewa hawan bana shi ne na ƙarshe. Ni kuwa na ƙudura cewa sai na sa hawan nan ya fi duk na baya kyau.

Lokacin na dawo gida bayan shekaru ina karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Omdurman. Samarin kwamitin biki suka zo har gida suka ce in ba su shawarar yadda za a gyara bikin. (Kada ka taɓa tambayar ma'aikacin rediyo shawara. Aikinsa ke nan ya yi magana babu mai katse shi.)

Na kuwa yi magana. Na ce lunguna sun yi ƙunci, ƙura tana shiga tuwo, tsofaffi suna tsayuwa cikin rana. Na ce randunan ruwa sun yi kaɗan, babu makewayi, 'yan kokawa suna kayar da juna a kan masu sayar da fura, makaɗa kuma kowa yana kiɗinsa lokacin da ya ga dama. Na ce a mayar da komai masussukar da ke yammacin gari, fili ne fetal. A kafa rumfa ta maza da ta mata, a yayyafa ruwa tun da safe, a ja igiya a zagaye fagen kokawa, a ajiye randa a kowace kusurwa, a haƙa makewayi can bayan iska, a ɗauko aron lasifika. Har yau ina nan a kan cewa duk waɗannan shawarwari ne masu kyau.

Sai na zo kan ta ƙarshe. Na ce bai kamata manyan baƙi su riƙa bin jakuna a baya ba. Ayari ya taso daga bakin kogi, ya zo ya ƙare a gaban rumfa, kallo ya zo wa mai kallo.

"Tamam, daidai ne, ya Ustaz," in ji samarin baki ɗaya.

Bala ne kawai, taubashina, ya karkata kai ya ce, "Mai Rediyo, ka tabbata da wagga?"

Na ce masa a wurin aikinmu ba a fara shiri sai an san inda zai ƙare. Ya dube ni, ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "To, halas, shi ke nan."

Ranar biki komai ya tafi yadda na tsara. Babu ƙura, ruwa ya wadata, ba wanda ya faɗa cikin fura. Har wani babban jami'i ya zo daga Hasahisa aka zaunar da shi kusa da liman. Na ji daga baya cewa tsofaffin da ke cikin ayari sun yi gunaguni da aka tara su bakin kogi, aka ce musu Ustaz ne ya ce, suka haƙura suka bi layi. Gwaggo ma da ta ji ƙamshin ruwa ta tambaya, "Har mun iso?" Aka ce a'a, yanzu za a tashi.

Da na hango ƙurar ayari, na gyara murya, irin muryar nan ta labaran duniya, na ce, "Jama'a, ga ayarin kakanninmu nan tafe. Sun ba yamma baya, sun fuskanci gabas, zukatansu na Ɗakin Allah."

Ga su kuwa tafe, kowa ya kare ido da tafin hannu, saboda ranar la'asar tana dukansu a fuska.

Jama'a suka fara kallon juna. Ni ban ma lura ba, na ci gaba da bayanin yadda gabas ke ƙara matsowa da kowane taku. Sai muryar Bala ta taso daga fagen kokawa, ba ta ma nemi lasifika ba:

"Mai Rediyo! Yaushe Makka ta yi ƙaura zuwa Kurdufan? Ba mu ji ba ga labarai!"

Rumfar mata ce ta fara fashewa. Liman ya ja bakin rawani ya rufe fuska, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri. Jami'in nan, da ba ya jin Hausa, ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya yi dariya har ya zubar da shayi a jallabiyarsa. (Na sha fassara wa mutane labari. Ranar ce kawai na ga ana fassara ni.) Na juya na dubi rana, na dubi kogi can bayan ayari, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jakin Gwaggo ya iso daidai inda nake. Ta ɗaga fuska sama, ido a lumshe.

"Wa ya juya mu?"

"Ni ne, Gwaggo. Ki yi haƙuri." Na manta ban kashe makirfo ba. Shekara da shekaru ina aikin nan ban taɓa wannan kuskure ba, sai ranar. Har masu wanke ƙwarya a ƙarshen fili sun ji.

"Awo," ta ce. "Tun ina cikin mangala rana ga ƙeyata take. Yau ga ta ga goshi. Gida za mu ke nan. Kauce mini, ɗan nan."

Na kauce. Ba ta tsaya gaban rumfa ba, ba ta san ma da wani babban baƙo ba. Ta wuce, ta ɗaga murya tana kiran zango, amma daga ƙarshe zuwa farko: Kosti, Ubayyid, Fashir, Jinaina. Dariya ta fara mutuwa. Tsofaffi suka miƙe daga kujerun da na jera musu suka bi ta, sannan mata, sannan kowa. Ni ma na ajiye makirfo na bi. Ta kira Kano, ta kira Sakkwato, kuma daidai bakin tur'a, inda ruwa ya tare jaki, ta kira sunan wani ƙauye da ko mahaifina bai taɓa faɗa mini ba. Ta ce akwai tsamiya a ƙofar gidansu, akwai wata ƙanwar uwarta da ta bi su har bayan gari tana kuka. A nan liman ya ɗaga hannu. Ya yi wa waɗanda suka rasu a hanya addu'a kamar kullum, sannan ya ƙara da waɗanda aka baro a gida, abin da ba mu taɓa yi ba.

Washegari na je ba ta haƙuri da kyau. Na same ta tana shan gahawa a ƙarƙashin rumfar ɗakinta. Ta lalubo kunnena ta ja.

"Karatunka bai tahi banza ba," ta ce. "Amma baɗi ka maishe mu gabas, kada tsohona da ke kwance a ƙasar nan ya ce na gudu na bar shi."

Ba ta ga baɗin ba. An mayar da ayari hanyarsa ta dā, randuna da igiya da makewayi kuwa suka zauna. Ni ma sunana ya zauna: Ustaz Alƙibla. Har jikokin Bala da shi suke kirana.

Yanzu yaƙi ya tarwatsa mu. Ni ina Damazin, Bala yana can gabas, masussuka ban san abin da ya tsiro a cikinta ba. In waya ta shiga, gaisuwarsa ta farko ita ce, "Ina ka huskanta yau?" Wallahi da za a sake tara mini mutanen nan a filin nan, da na riƙe makirfo na bari su yi mini dariya har magariba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ina riƙe da shi. In ka tarar da mutane sun jera jakunansu suna fuskantar wani gefe, kafin ka gyara musu layi, ɗaga kai ka dubi inda rana take.